Ɗan wasan da jinyarsa ta fi wasansa yawa: a riƙe shi ko a sallame shi?

Ɗan Burodi:

Assalamu alaikum jama'a. Na san yawancinku 'yan ƙwallon ƙafa ne, to amma ku yi haƙuri yau maganar besbol na kawo, abin ya daɗe yana cina a rai kuma na ga kusan duk ɗaya ne da gardamar da muke yi kullum a gidan kallo.

Ni aikin dare nake yi a wani gidan burodi a nan Bauchi Road, to kun san da zarar an zuba kwaɓi a tanda akwai ɗan zaman jira, a nan nake kunna waya. Yayana da ya yi karatu a Kalifoniya shi ya koya min wasan, ya kawo min jar hula ta Los Angeles Angels a 2014, tun daga nan na zama nasu. Wasansu na gida wajen uku saura na dare yake farawa agogonmu, ga sanyin Jos ga ruwan damina a kan kwano, ni kuma ina rakuɓe gefen tanda ina kallon Mike Trout.

Wanda bai san Trout ba, sau uku ana ba shi gwarzon lig ɗinsu, 2014 da 2016 da 2019. A 2019 ɗin suka ba shi kwantiragin shekara 12 a kan dala miliyan 426.5. To daga 2021 abu ya fara lalacewa. Kakarsu wasa 162 ce, amma a 2021 wasa 36 kacal ya buga saboda ciwon sha-raɓa, aka ce wata biyu zai dawo, har kaka ta ƙare bai dawo ba. 2022 ya yi 119, 2023 ƙashin tafin hannu ya karye ya yi 82, 2024 gwiwa ce, aka yi masa aiki, yana shirin dawowa ta sake yagewa, wasa 29 ke nan. Ga kuma Anthony Rendon da suka ɗauko a kan miliyan 245 na shekara 7, shi kam bai taɓa buga musu wasa 60 a kaka ɗaya ba, 2025 ma ko sau ɗaya bai shiga fili ba. Rabon ƙungiyar nan da zagayen sili-ɗaya-ƙwale tun 2014.

Tambayata ita ce, in kai ne mai kulob ko manaja, ɗan wasa irin wannan wanda in yana da lafiya babu kamarsa amma rabin shekara yana hannun likita, ya za ka yi da shi? Ka ci gaba da gina tim a kansa, ko ka rage masa aiki, ko ka haƙura da shi gaba ɗaya? Wallahi ina son mutumin nan, amma na fara jin kamar son da ake masa ne yake hana a faɗi gaskiya.

Alhaji Farin Gada:

Wa alaikumus salam. Ƙanina ni ban iya kallon wasan naku ba sosai amma ina bin labarin kuɗinsa, don lissafi ne irin namu na kasuwa. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Ina da motoci biyu da suke ɗauko min tumatir da kabeji. Akwai wadda in ta tashi babu mai kamo ta a hanya, amma sati biyu tana aiki sati uku tana gareji, ɗayar kuma a hankali take tafiya amma kullum sai ta zo. Ka tambayi duk wani ɗan kasuwar gwari wacce zai riƙe, kaya ba sa jiran bakanike, ruɓewa suke yi.

Laifin ba na yaran ba ne, na masu sa hannu a takarda ne. A besbol ɗin Amurka in ka ba mutum kwantiragi to ka ba shi ke nan, ko ka kore shi sai ka biya shi har sisin ƙarshe. To me ya kai ka ɗaure kanka shekara 12? Trout ɗin naka sai 2030 zai gama, lokacin yana da shekara 39. Dubi Stephen Strasburg, mai jifa ne, wato mai wurga wa mai duka ƙwallo, ya ci wa Washington kofin World Series, babban kofin besbol na Amurka, a 2019 aka ba shi gwarzon gasar, a watan Disambar shekarar suka ba shi miliyan 245 na shekara 7, daidai kuɗin Rendon, kuma tare suka ci kofin. Bayan ya sa hannu wasa 8 kacal ya yi musu jifa har ya yi ritaya a 2024. Wannan ladan aikin baya aka biya shi, ba kuɗin aikin gaba ba.

Ni waɗanda suka burge ni San Francisco ne. Sun daidaita da Carlos Correa a kan miliyan 350 na shekara 13, da aka zo gwajin lafiya likitoci suka ga tsohon aikin da aka yi masa a idon sawu tun 2014, suka fasa. Mets suka zo da miliyan 315, su ma suka gani suka ja da baya. Ƙarshe Minnesota ya koma a kan miliyan 200 na shekara 6. Haka ake ciniki, ka buɗe kwando ka duba na ƙasa. Ku 'yan Madrid kun tuna Hazard ai.

Mai Gashin Ƙashi:

Alhaji da girman kujerarka, amma mota daban mutum daban, kuma ko a gareji ai bakanike yana tambaya me ya lalace kafin ya ce a sayar.

Ni aikina ke nan, gashin ƙashi, shekara da shekaru ina ganin 'yan ƙwallo da 'yan gudu a nan Jos. Abin da yake damuna da kalmar "ɗan injuri" shi ne tana tara abubuwa mabambanta a buhu ɗaya. Wanda aka jefa da ƙwallo mai gudun kilomita 150 a awa ta fasa masa ƙashin hannu, wannan tsautsayi ne, ƙashi in ya haɗe da kyau shi ke nan, babu dalilin da za ka ce zai sake karyewa baɗi. Amma wanda tsokar bayan cinyarsa ko sha-raɓarsa ko bayansa yake ta tashi, wannan labari ne daban, wurin da ya yage yana warkewa da tabo, tabon ba shi da laushi irin na asali, kuma mutum ba tare da ya sani ba yana ɗora nauyi a ɗaya ƙafar, sai can ma ta fara ƙorafi. Shi ya sa za ki ga, afuwan, za ka ga ciwo yana yawo daga sha-raɓa zuwa baya zuwa gwiwa kamar ana bin mutum. Ba a banza ba ne, jiki magayi. A wajenmu babbar alamar cewa mutum zai samu irin wannan rauni ita ce ya taɓa samunsa a baya, musamman in ya dawo da wuri.

Su masu jifa kuma matsalarsu ta fi nauyi. Akwai wata 'yar jijiya a cikin gwiwar hannu da take riƙe ƙasusuwan lokacin da aka wurga hannu, ƙarama ce, tsoka tana ƙaruwa in ka ɗaga ƙarfe amma ita jijiyar ba ta bin ta da wannan saurin. Yanzu kuma kowane kulob mai jifa da ƙarfin tsiya yake nema, kilomita 155, 160, ga murɗa ƙwallo, to duk jifa ɗaya ana kai ta bakin iyakarta. In ta tsinke sai aikin da ake kira Tommy John, sunan ɗan wasan Dodgers ne da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa a 1974, ana ciro wata jijiya, galibi daga tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, a dasa a wurin. Shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ake jinya. Shi Tommy John ɗin ya dawo ya yi ta jifa har 1989 yana da shekara 46, don haka aiki ba shi ne ƙarshen mutum ba.

Abin da zan ce wa ƙanina mai tambaya, in ni ce, tambayar farko ba "a riƙe ko a sallama" ba ce, a'a, wane irin aiki jikin nan zai iya ɗauka yanzu? Wasa 162 cikin wata shida fa, kusan kullum, ga tafiyar jirgi daga wannan gaɓar Amurka zuwa waccan. Mai tsaron tsakiyar fili shi ya fi kowa gudu da birki da faɗuwa. Gwiwar da aka yi wa aiki sau biyu a shekara ɗaya ba za ta yi wannan kullum ba, ko mai ita ya rantse zai iya. Kuma za su rantse ɗin, ban taɓa ganin ɗan wasan da ya ce min "Anti ban warke ba" ana gobe babban wasa.

Ɗan Rayfield:

Anti ta gama magana ta ɓangaren jiki, bari in ƙara ta ɓangaren lissafin gurbi, don na zauna a Texas na wasu shekaru kuma na bi abin sosai.

Mutane suna ɗauka kuɗin ne kawai ciwon kai, alhali gurbi ma ciwon kai ne. Kowane kulob mutum 26 aka yarda ya riƙe a hannu, sai a Satumba su zama 28. Cikin 26 ɗin masu jifa ba za su wuce 13 ba, kuma kusan kowa cikewa yake yi. Saura 13, tara suna cikin wasa, huɗu ne a benci, ɗaya daga cikinsu kuma mai caɓe ƙwallon da mai jifa ya wurgo ne na ko-ta-kwana da ba a son taɓa shi. Sannan a besbol in ka fitar da mutum ba ya komawa wasan. To ka ga in tauraronka ya ce cinyarsa tana ɗan ja a ba shi kwana biyu, kwana biyu ya zama biyar, duk wannan lokacin manaja da mutum biyu yake juyawa. Wallahi wannan "yau ko gobe" ɗin ya fi cutar da tim a kan a ce kai tsaye ya tafi jinya.

Don in ka sa shi a jerin masu jinya ka samu damar ɗauko wani daga ƙaramin kulob ɗinka. Kwana 10 ne mafi ƙaranci ga masu duka, 15 ga masu jifa, 7 in buguwar kai ce. Akwai kuma na kwana 60, shi ne yake cire mutum daga babban jerin mutum 40 na ɗan lokaci har ka iya shigo da baƙo. Kafin ya dawo kuma ana iya tura shi ƙaramin lig ya gwada jikinsa, har kwana 20 ga mai duka, 30 ga mai jifa. Duk waɗannan dokokin an yi su ne don kada a yi gaggawa, amma kulob ɗin da ba shi da na biyu mai kyau dole ya yi gaggawar.

Nan ne na saɓa da Alhaji. Texas Rangers sun ɗauki Jacob deGrom a Disambar 2022, miliyan 185 na shekara 5, yana da shekara 34, kowa ya san wasa 15 ya yi a 2021, 11 a 2022. Wasa 6 ya yi musu hannu ya tafi, aka yi masa aiki a Yunin 2023. A lissafin Alhaji an yi asara ke nan. Amma ba su zauna jiransa ba, suna da Nathan Eovaldi, a Yuli suka ƙaro Jordan Montgomery da Max Scherzer, a shekarar suka ci World Series na farko a tarihinsu. Shi kuma aka bar shi ya warke a nutse, a 2025 ya yi wasa 30. Dodgers ma sun ba Shohei Ohtani, tsohon ɗan Angels mai jifa kuma mai duka, miliyan 700 a Disambar 2023 wata uku bayan an yi masa aikin gwiwar hannu karo na biyu, suka hana shi jifa duk 2024, duka kawai, ya buga hom-ron 54, wato dukan da ƙwallo take tsallake katanga, ya saci sansani 59, wato ya ruga zuwa sansani na gaba ba tare da an doki ƙwallo ba, suka ɗauki kofi, sai Yunin 2025 ya koma jifa, shi ma da kaɗan-kaɗan aka fara.

Kuma akwai yadda ake rubuta takarda a raba haɗarin. Minnesota sun ba Byron Buxton miliyan 100 na shekara 7, kuɗin da bai kai darajarsa ba in yana da lafiya, amma suka ɗora masa ƙari mai tsoka in ya buga da yawa ko ya shiga sahun gwarzon shekara. Boston kuwa da za su ɗauki John Lackey a 2009 sun ga gwiwar hannunsa tana da tarihi, suka sa sharaɗin in ta kwantar da shi zai ƙara shekara ɗaya a kan mafi ƙarancin albashi, ta kuwa kwantar da shi duk 2012, a 2015 ya yi wasa a kan kusan dala dubu 500.

Maganar Angels kuma, Ɗan Burodi ka yi haƙuri, ni a ganina matsalar ba Trout ba ce. Gurbin mai duka kawai, wanda ba ya tsaron fili, guda ɗaya ne tak a tim, shi ne wurin hutar da mai lallaɓa jiki. Daga 2021 zuwa 2023 Ohtani ne yake zaune a wurin kusan kullum, to ina za ka ajiye Trout ya huta, ina za ka ajiye Rendon? Kun tara mutum biyu masu buƙatar kujera ɗaya kuma kujerar tana da mai ita. Sai a 2025 aka matsar da shi daga tsakiya zuwa gefen dama, gwiwar ta sake motsawa, aka mayar da shi duka kawai, ka ga kuwa ya buga wasa 130. Da an yi haka tun da wuri fa? Sallama kuwa ba ta ma taso ba, kuɗin dole a biya, kuma ba a isa a sayar da shi ba sai da yardarsa.

Alhaji Farin Gada:

Ɗan Rayfield na ji ka, amma duk misalan da ka kawo na masu kuɗin sayen mota ta uku ne. Dodgers in sun yi kuskuren miliyan 100 gobe su sake fita kasuwa. Ƙaramin kulob in ya yi irinsa sau ɗaya shekara biyar yana biyan bashi. Sharaɗin Lackey ɗin nan dai na yarda da shi ɗari bisa ɗari, wannan shi ne ciniki.

Baba Koci:

'Ya'yana sannunku. Ni besbol a wayar jikana kawai nake ganinsa, amma shekara sama da 30 ina horar da yara ƙwallon ƙafa a filayen unguwa, daga Gangare har Anguwar Rogo, kuma abin da 'yata mai gashin ƙashi ta faɗa ya taɓa min wani tsohon miki.

Akwai wani yaro da na taɓa riƙewa, ɗan gaba ne, ban taɓa horar da mai ƙafa irin tasa ba. Ya murɗe gwiwa a atisaye, aka kai shi wajen mai ɗori aka ɗaure, kumburi ya sauka, bayan sati uku muna da wasan kusa da ƙarshe kuma an ce masu neman 'yan wasa za su zo kallo. Ya zo har gida ya durƙusa ya ce Baba na warke. Na ga yadda yake taka ƙafar, na gani da idona, amma ina son kofin kuma ina son a gan shi, sai na sa shi. Minti 20 bai cika ba ya juya da ƙwallo babu wanda ya taɓa shi ya zube. Daga ranar bai sake buga ƙwallon kirki ba. Yanzu keke napep yake ja, in mun haɗu har ƙasa yake gaishe ni, bai taɓa ce min komai ba, ni ne dai ban yafe wa kaina ba.

Shi ya sa da jikana ya ba ni labarin Strasburg ɗin da Alhaji ya ambata na ce a ƙara min. Ashe a 2010 aka yi masa aikin hannu, a 2012 Washington suna kan gaba da kowa a lig, sai babban manajan kulob ɗin Mike Rizzo ya ce yaron ya kai adadin jifan da aka yanka masa, aka ajiye shi a Satumba alhali lafiyarsa ƙalau, suka shiga sili-ɗaya-ƙwale ba shi, St. Louis ta fitar da su a zagayen farko. An zage shi sosai. Amma bayan shekara 7 hannun nan ne ya ɗauko musu kofi. Alhaji kai ƙarshen labarin ka kalla, ni kuma tsakiyarsa na kalla, mutumin ya yi abin da ni na kasa yi.

Kuma kada mu manta da namu. Kanu yana dawowa da zinare daga Atlanta a 1996 likitocin Inter suka gano ciwon zuciya, aka yi masa aiki a Amurka, mutane da yawa suka ce ya gama. Wenger ya ɗauke shi a 1999, bai ce sai ya buga minti 90 kowane sati ba, sau da yawa daga benci yake taso shi, a shekarar ya zuba wa Chelsea uku cikin minti 15 na ƙarshe, ya sake zama gwarzon Afirka. Dembélé ma shekara nawa yana jinya a Barcelona tun daga cinyar da ta yage a 2017, ga shi a PSG ya ɗauki Ballon d'Or a 2025.

Ɗan Burodi:

Allah ya saka da alheri, wallahi na ƙaru. Baba Allah ya yafe mana gaba ɗaya, labarin nan ya sa jikina ya yi sanyi. Maganar kujera ɗaya da Ɗan Rayfield ya yi ban taɓa kallonta haka ba, ni kullum haushina a kan likitocin kulob yake. Abin da har yanzu nake jin nauyinsa shi ne ganin Trout zaune a benci da hula yana jiran layinsa na duka, mutumin da na saba gani yana hawa katanga yana ƙwato ƙwallo. Amma in wasa 130 a haka ne ko 29 a tsakiyar fili, na zaɓi 130 ɗin. Alhaji kuma na yarda shekara 12 ta yi yawa, ko da yake ranar da aka sa hannun ni ma murna na yi har na raba wa abokan aiki shayi.

Mai Gashin Ƙashi:

Baba dan Allah in tambaye ka game da yaron nan. Gwiwar tana zillewa ne in yana saukowa daga bene ko in ya juya da sauri, kamar za ta kife da shi? Tana kumbura bayan ya wuni a keke? Yadda ka ce ya faɗi ba wanda ya taɓa shi ya yi min kama da tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa, ita kuma ɗori ba ya haɗa ta, amma sai an duba kafin a tabbatar. Ko ƙwallo ta wuce shi akwai atisayen ƙarfafa cinya da zai rage masa wahala ya kuma kare gwiwar daga saurin lalacewa, don tuƙin ma da ita yake yi. Ka turo min saƙo ta ciki in faɗa maka ranar da nake ganin marasa lafiya, ku zo tare, kuma in yana da wani tsohon hoton ƙashi ya taho da shi.